Gidajen waraka na Kanada: gata ake yi wa fursunoni mata, ko magani ne da bai kai ga masu ciwon ba?

Tambaya: Anti, ina wuni? Ni ɗalibar shari'a ce, ina aji uku. A darasin hukunci malaminmu ya ce a Kanada rabin matan da ke ɗaure 'yan asalin ƙasar ne, kuma wai an gina musu wasu gidaje marasa katanga da ake kira gidajen waraka, inda dattawan ƙabilarsu ke lura da su maimakon gandirobobi. Abin ya ɗaure mini kai. Wannan ba gata ake yi wa masu laifi ba kuwa? Kuma da gaske yana gyara su?

Amsa: Lafiya lau, ƙanwata, Allah ya ba da sa'ar karatu. Malaminku bai yi ƙari ba a lissafin. 'Yan asalin Kanada, wato Al'ummomin Farko irin su Cree da Ojibwe da Mohawk, sai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai Métis masu tushen 'yan asali da Turawa a haɗe, ba su wuce kashi 5 cikin 100 na jama'ar ƙasar ba a ƙidayar 2021, mutum wajen miliyan 1.8. Amma a 2022 ofishin da ke binciken koke-koken fursunoni ya tabbatar da cewa matansu sun kai rabin dukkan matan da ke gidajen yarin tarayya. Na tarayya kuwa su ne na wanda aka yanke wa shekara biyu zuwa sama. Abin da bai kai haka ba na lardi ne, kuma a lardunan Saskatchewan da Manitoba abin ya fi haka muni, don a can mafi yawan matan da ke tsare 'yan asali ne. A gidajen yarin tarayya, a 2015 sun ɗara kashi ɗaya bisa uku da kaɗan. A shekarar ce hukumar gaskiya da sasantawa ta ƙasar ta nemi gwamnati ta kawar da wannan rinjaye cikin shekara goma. Wa'adin ya cika, lissafin kuwa sama ya yi.

Zancen gidajen ne ke buƙatar gyara, amma ba za ki fahimce su ba sai kin san ciwon da ake son warkarwa. Ruwa ba ya tsami banza.

A 1876 aka kafa dokar da ta ɗora rayuwar Al'ummomin Farko gaba ɗaya a hannun gwamnati. Ƙarƙashinta, macen da ta auri wanda ba ɗan asali ba ta rasa matsayinta, ta rasa damar zama a ƙasar ƙabilarta, 'ya'yanta ma haka, alhali namiji in ya auri Baturiya ita ce ke samun matsayin. Wannan bai canza ba sai 1985, bayan wata mata, Sandra Lovelace, ta kai ƙara gaban kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi nasara a 1981. Ki lura, a cikin waɗannan al'ummomi akwai waɗanda ta wajen uwa ake lissafa dangantaka, har tsofaffin mata ne ke naɗa shugaba, kamar a wajen Mohawk. Dokar ta tuge wannan. Ta kuma haramta manyan bukukuwan ibadarsu tun daga shekarun 1880 har zuwa 1951.

Sai makarantun kwana. Yara wajen 150,000 aka raba da iyayensu aka kai makarantun da coci-coci ke gudanarwa da kuɗin gwamnati, aka aske musu gashi, aka hana su yarensu, aka yi musu duka, da yawa aka yi lalata da su, dubbai suka mutu a can. Ba tarihin kaka da kakanni ba ne: ta ƙarshe ba a rufe ta ba sai tsakiyar shekarun 1990, kuma sai 2008 firayim minista Stephen Harper ya nemi afuwa a majalisa. Abin da nake so ki riƙe shi ne illar da wannan ya yi wa tarbiyya. Yarinyar da aka ɗauke tana shekara shida ta dawo tana sha shida ba ta taɓa ganin yadda uwa ke rarrashin ɗa ba, ba ta iya magana da kakarta ba, abin da ta sani shi ne ƙararrawa da bulala da shiru. Ta yi aure ta haihu, da me za ta yi reno? Wasu giya ta zama mafakarsu. Daga nan ma'aikatan jin daɗin jama'a suka shigo suka ce gidan bai dace da yaro ba, suka kwashe yaran. Daga shekarun 1960 zuwa 1980 an ba da dubban yara riƙo ga iyalan Turawa, wasu har Amurka da Turai. Har yau ba a daina ba, suna kawai aka canza: a ƙidayar 2021 yaran 'yan asali ba su kai kashi 8 cikin 100 na yaran ƙasar ba, amma sun haura rabin yaran da ke hannun riƙon hukuma.

To, in kika buɗe fayil ɗin macen da ke ɗaure, abin da za ki yi ta cin karo da shi ke nan. Kaka ta yi makarantar kwana, uwa an ba da ita riƙo, ita kanta ta zaga gidajen riƙo iri-iri, an taɓa ta tun tana ƙarama, ta gudu ta faɗa titi, ta haɗu da namijin da ke dukanta yana kuma ciyar da ita da ƙwaya. Laifin da ya kai ta kotu sau da yawa bai rabu da wannan ba: ta soki mai dukanta da wuƙar kicin, ko ta ɗaukar wa wani kaya, ko tana wurin da saurayi ya yi fashi. Da yawa kuma suna amsa laifi tun kafin a yi shari'a, ko don tsoron hukuncin rai-da-rai da ke kan kisan ganganci, ko don su kare wani ɗan uwa, ko don ba su taɓa zaton kotu za ta saurare su ba. Ai hukumar da ta ɗaure su ita ce ba ta kare su ba tun farko. Rahoton 'yan sandan tarayya na 2014 ya lissafa mata 'yan asali 1,181 da aka kashe ko suka ɓace tsakanin 1980 da 2012, kuma kwamitin bincike na ƙasa da ya miƙa rahotonsa a 2019 ya kira abin kisan ƙare dangi. Ba ina wanke kowa ba ne. Akwai waɗanda suka yi ɓarna mai muni, kuma sau da yawa wanda aka cuta shi ma ɗan asalin ne, ɗan gida ɗaya. Amma wanda zai yi gyara dole ya san inda abu ya karye.

Daga 1934 har zuwa shekarun 1990, gidan yarin tarayya na mata guda ɗaya ne tak a duk faɗin Kanada, a Kingston da ke lardin Ontariyo. Mace daga Alberta ko arewacin Saskatchewan sai a kai ta nisan kilomita dubbai, babu mai ziyara, babu mai jin yarenta. A cikin wannan gida ne, tun farkon shekarun 1970, matan suka haɗa ƙungiyar 'yan'uwantaka ta kansu, suka yi ta fafutukar a bar su su buga ganga, su ƙona ganyen turarensu, a bar dattawa su shigo. Wannan batu ne da ake yawan mantawa: ba hukuma ce ta zauna ta ƙirƙiro waraka ta miƙa musu ba, su ne suka ƙwato ta da kyar, a lokacin da gandirobobi ke yayyaga ƙunshin maganin dattijo suna neman ƙwaya. Tsakanin ƙarshen 1988 da 1991 mata da dama suka kashe kansu a gidan, kusan dukkansu 'yan asali. A tsakiyar wannan ne aka kafa kwamitin da ya fitar da rahoton 1990, kuma wani abin da ba a saba ba, an sa mata 'yan asali biyu da suka taɓa zaman gidan, Fran Sugar da Lana Fox, suka yi hira da 'yan'uwansu suka kawo maganarsu cikin rahoton. Kwamitin ya ce a rufe Kingston, a gina ƙananan gidaje a yankuna, a kuma gina gidan waraka. Ba a rufe ba sai 2000, bayan abin kunyar 1994, lokacin da tawagar maza masu kwantar da tarzoma suka tuɓe mata tsirara, bidiyon ya fita a talabijin, mai shari'a Louise Arbour ta bincika ta yi kaca-kaca da hukumar gidajen yari a 1996.

Gidan farko shi ne Okimaw Ohci, an buɗe shi a 1995 a ƙasar al'ummar Nekaneet kusa da garin Maple Creek, kudu maso yammacin Saskatchewan, cikin tuddai da dajin bishiyoyi. Yana ɗaukar mata 60. An tsara shi bisa fasalin iyali: shugabar gidan ana kiranta uwa da harshen Cree, na ƙasa da ita inna, ma'aikatan da ke hulɗa da matan kullum kuwa yayye. Matan ba a ce musu fursunoni, mazauna ake cewa. Suna zama a ƙananan gidaje, su yi girkinsu, su yi shara. Gari na wayewa a taru a ɗakin ibada mai siffar da'ira, dattijuwa ta kunna busasshen ganye a cikin ƙoƙon kwanso, ta zaga da shi, kowace ta ɗebo hayaƙin da tafin hannu ta shafa a ka da ido da kunne da ƙirji. Sai a miƙa gashin gaggafa daga hannu zuwa hannu. Wadda yake hannunta ita kaɗai ke magana, ba mai katse ta, ba mai yi mata gyara, in ta ga dama ta riƙe shi shiru ta miƙa gaba. Ga macen da tun tana yarinya duk wanda ya tambaye ta labarinta yana riƙe da biro da fom, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai kuma bukkar zufa, wadda kusan duk macen da ta bi ta nan takan ambata. Ana lanƙwasa ɗanyun rassa a yi 'yar bukka gajeriya, a lulluɓe ta da barguna har haske ba ya shiga. A waje an hura wuta an gasa duwatsu sun yi jawur, su kuwa duwatsun kakanni suke kiransu. A shigo da su a zuba a ramin tsakiya, a rufe ƙofa, mai jagoranci ta watsa ruwa, tururi ya turnuƙe. Zagaye huɗu ake yi, ana buɗe ƙofa tsakani a sha iska. A cikin duhun nan, da zafi da waƙa da ganga, mace takan faɗi abin da ba ta taɓa faɗa wa likita ko lauya ba, wanda ya taɓa ta tana shekara bakwai, ko sunan ɗan da aka ƙwace mata a asibiti. Ba mai ganin fuskarta, kuma na kusa da ita ita ma irin nauyin ta ɗauko. Masana halayyar ɗan Adam suna da bayaninsu a kan yadda jiki ke riƙe firgici da yadda ake sakinsa. Dattawan suna da nasu bayanin. Akwai kuma shirin dawaki da mutanen Nekaneet ke koyarwa. Doki ba ya yarda da mai hargagi, ba ya kuma yarda da mai tsoro, don haka dole mace ta koyi natsuwa kafin ya bari ta kusance shi.

Na san abin da zai zo ran wasu masu karatu, cewa wannan ai tsafi ne. Ba hukunci kan aƙidarsu na zo yi ba, kowa da addininsa, kuma a cikin matan nan da yawa Kiristoci ne, wasu suna haɗa biyun, wasu ba sa shiga bukkar sam. Abin da ya shafe ki a matsayin ɗalibar shari'a shi ne dokar gidajen yari ta 1992 ta ba ibadar 'yan asali da dattawansu matsayi ɗaya da na sauran addinai da malamansu. Haƙƙin da ya ba fursuna Musulmi damar ganin limami shi ne ya ba 'yar Cree damar ganin dattijuwarta.

Yanzu batun gata. A'a, ba gata ba ne. Macen da ke Okimaw Ohci tana cin sarƙarta ne, ana ƙirga ta safe da dare, ana bincikenta, ba ta fita sai da izini, in ta karya doka a mayar da ita gidan yari mai waya. Ma'aikatan ma'aikatan hukumar gidajen yari ne, ko da an kira su yayye. Kuma matan da suka yi zaman wuraren biyu sukan ce zaman gidan yari na yau da kullum ya fi sauƙi ta wata fuska, don a can za ki iya kulle bakinki ki kalli talabijin har wa'adi ya cika. A nan kullum ana zaunar da ke gaban abin da aka yi miki da abin da kika yi wa wasu. A fahimtar dattawan, laifi yanke zumunci ne, kuma ba a cewa mutum ya warke sai ya ɗauki nauyin ɓarnarsa. Sai dai jama'ar Kanada ma sun yi irin tambayarki da ƙarfi a 2018, lokacin da aka gano an mayar da wata mata da ke da hannu a kisan yarinya 'yar shekara takwas zuwa wannan gida. Ƙasa ta ɗauka, aka mayar da ita gidan yari mai waya, aka tsaurara ƙa'idojin shiga. Fushin iyayen yarinyar yana kan hanya, amma waɗanda suka biya kuɗin tsaurarawar su ne sauran matan da ba su san hawa ba ba su san sauka ba.

Yana gyara su? Binciken hukumar kanta ya nuna waɗanda suka bi ta gidajen waraka ba su cika komawa gidan yari ba kamar takwarorinsu. Na yarda da wannan, amma ki karanta shi da idon lauya: waɗanda ake kaiwa can zaɓaɓɓu ne, tun farko an ɗauke su marasa haɗari. A nan kuwa gizo ke saƙa.

Duk wadda aka kawo gidan yarin tarayya ana auna ta da wani ma'auni a ba ta maki, makin ne ke yanke ko matakin tsaronta ƙarami ne, matsakaici, ko mai tsanani. An ƙera ma'aunin ne a shekarun 1980 bisa bayanan fursunoni maza, galibinsu Turawa. Bari in nuna miki yadda yake aiki. Ana duba shekarunta lokacin da aka yanke mata hukunci, ƙuruciya na ƙara maki. Ana duba shaye-shaye. Ana duba yawan laifukan baya, har da irin ƙananan nan na karya sharaɗin beli. Ana duba tarihin gudu. Ana kuma duba abin da suke kira daidaituwar rayuwa a waje: tana da aiki tsayayye, tana da muhalli tsayayye, ta yi karatu, danginta na tsaye? To yarinyar da hukuma ta yi ta jefawa daga wannan gidan riƙo zuwa wancan ina ta ga tsayayyen muhalli? Wadda ta fito daga ƙauyen da babu aikin yi ina ta ga albashi? Duk raunin da tarihin nan ya ji mata, ma'aunin sai ya karanta shi a matsayin haɗari. A 2022 babbar mai binciken kuɗin gwamnati ta gano ana tura mata 'yan asali matakin tsaro mai tsanani fiye da ninki uku na yadda ake tura sauran mata. Gidan waraka kuwa ba ya karɓar mai wannan matakin. Wato wadda ciwonta ya fi zurfi ita ce aka rufe wa ƙofar asibitin.

Ina ake kai ta? Sashen tsaro mai tsanani, inda sai da ankwa take fita, inda ganin dattijuwa ma sai an yi sa'a. Ta yanki jikinta a rubuta ta karya doka, ta ture ma'aikaciya a ƙara mata sabon caji, hukuncin shekara uku ya yi ta tsawo tana ciki. Wata 'yar Cree mai suna BobbyLee Worm ta shafe sama da shekara uku a ɗakin kaɗaici ƙarƙashin wani tsari da kusan duk waɗanda aka saka a ciki 'yan asali ne; sai da ta kai ƙara aka soke tsarin a 2011. A 2018 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani fursuna Métis mai suna Jeffrey Ewert, ta ce hukumar ta saɓa wa dokarta da take amfani da wasu ma'aunan haɗari ba tare da ta tabbatar sun dace da 'yan asali ba. A 2019 aka ce an soke ɗakin kaɗaici aka kawo wani sabon sashe a madadinsa, masu sa ido kuwa sun yi ta nuna cewa a wurare da yawa allon ƙofa kawai aka canza.

Ko waɗanda suka tsallake ma'aunin ma gadajen ba su isa ba. Dokar 1992 tana da sashe na 81, wanda ya ba minista damar ƙulla yarjejeniya da al'ummar 'yan asali ta karɓi fursuna ta riƙe da kanta. A ganina wannan shi ne sashe mafi muhimmanci a dokar, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Na mata guda biyu ne aka sani: Buffalo Sage a Edmonton, da aka buɗe a 2011, mai gado 28, da gidan Eagle a Winnipeg na 2019, mai gado 30. Ki haɗa da 60 na Okimaw Ohci, wanda shi hukuma ce ke riƙe da shi, ki ga duka ba su kai 120 ba, kuma dukkansu a lardunan tsakiyar yamma suke. Ofishin binciken koke-koke ya yi ƙorafi a 2013, ya sake yi bayan shekara goma, cewa gidajen da al'umma ke gudanarwa kuɗin da ake ba su bai kai kashi biyu bisa uku na abin da hukuma ke kashe wa nata ba, don haka da zarar sun horar da ma'aikaciya sai hukumar ta ɗauke ta da albashi mai tsoka. Macen Inuit daga yankin Nunavut na can arewa kuwa babu gidan yarin tarayya ko ɗaya a yankinta. A kawo ta kudu a ce ta shiga bukkar zufa, alhali wannan ba al'adar mutanenta ba ce, su ba su da dajin da za su saro rassan ma.

Akwai wata matsalar da ta fi wannan siriri. Marigayiya Patricia Monture, lauya 'yar Mohawk da ta yi aiki da kwamitin 1990, ta rayu ta ga yadda tunanin gidan yari ya riƙa cinye gidan da suka yi mafarki. Idan halartar bukkar zufa ta zama abin da jami'i ke yi wa alama a fayil domin hukumar sakin talala ta gani, to an shigo da biro da fom cikin duhun da aka ce babu mai gani. In dattijuwa tana kan kwantiragi da hukuma, ana tambayarta ta rubuta rahoto kan ci gaban mace, wace ce za ta saki jiki ta faɗa mata komai? Dattawa da yawa suna kokawa da wannan, wasu sun ƙi rubutawa.

Ta ɓangaren kotu, sunan da za ki riƙe shi ne Gladue. A 1996 aka ƙara wa dokar laifuka wani sakin layi da ya umarci alƙali ya duba duk wani hukunci da ba ɗauri ba, musamman ga ɗan asali. Jamie Gladue 'yar Cree ce mai shekara 19, tana da ciki, ta soki mijinta a garin Nanaimo a 1995 ya mutu, ta amsa laifin kisan da ba na ganganci ba aka ba ta shekara uku. Alƙalin ya ce ai a birni take zaune ba a ƙasar ƙabila ba, don haka sakin layin bai shafe ta ba. A 1999 Kotun Ƙoli ta ce ya yi kuskure: ko ina ɗan asali yake, dole a duba tarihin da ya kawo shi gaban kotu da irin hukuncin da zai dace da al'ummarsa. Ba ta rage mata hukuncin ba, amma daga nan aka samu rahoton da ake kira da sunanta, inda marubuci zai zauna da wadda ake tuhuma da danginta ya bi salsalar gidan zuwa kaka, ya kuma nuna wa alƙali takamaimai wane shiri ne ke akwai a waje. A 2012 kotun ta sake jan kunnen alƙalai don ba sa bi. Amma hannun dama na bayarwa na hagu na karɓewa: a shekarun ne majalisa ta yi ta ƙara hukunce-hukuncen dole da hana ɗaurin gida. Cheyenne Sharma, matashiyar uwa wadda kakarta ta yi makarantar kwana, ta shigo da hodar iblis wajen kilo biyu a 2015 lokacin da ake shirin korarta daga gidan haya. Alƙali ya ji tarihinta duka, amma doka ta hana shi ba ta ɗaurin gida. A Nuwamban 2022 Kotun Ƙoli ta goyi bayan dokar da rinjayen alƙalai biyar kan huɗu. Bayan mako biyu majalisa ta soke waɗannan sassan da kanta.

Za ki ga duk rubutun da aka yi kan matan nan yana yabon juriyarsu, kuma juriyar gaskiya ce. Waɗanda suka fito su ne yau ke tsaye a ƙofar gidan yari da mota suna jiran ta baya, su ke koyon yaren da aka hana kakanninsu suna koya wa jikoki. Amma ina jin tsoron wannan yabon. Ke Bahaushiya ce, kin san yadda ake yi wa matar da ta yi yaji da kumburarriyar fuska: kowa ya taru yana yaba haƙurinta, mahaƙurci mawadaci, a mayar da ita ɗaki, mai dukan kuwa ba wanda ya ce masa kanzil. Haka jami'i zai tsaya a taro ya yaba ƙarfin halin mata 'yan asali, a buga ganga a ɗauki hoto, ma'aunin nan kuwa yana nan yadda yake. Duk lokacin da kika ji ana yabon juriyar wasu mutane, ki tambaya wa ke ɗora musu abin da suke jurewa.

Inda ake gane ko warakar za ta ɗore shi ne ranar fita. Fursunan tarayya na iya neman cikakken sakin talala bayan kashi ɗaya bisa uku na wa'adinsa, in bai samu ba doka kan sake shi a kashi biyu bisa uku, kuma 'yan asali sun fi yawa a cikin masu jira har wannan na ƙarshen. Sashe na 84 na dokar ya ba al'umma damar shirya dawowar 'yarta tun tana ciki, a san inda za ta sauka da dattijuwar da za ta riƙe ta, har zaman hukumar sakin ma ana iya yin sa a da'ira tare da dattijo. Inda aka yi hakan da gaske yana aiki. Amma galibin matan nan iyaye ne, kuma galibi kafin su fito yaran suna hannun riƙo. Ma'aikatar yara za ta ce ba za ta mayar mata da su ba sai ta samu gida mai ɗakin yara. Tallafin da ake ba mace ita kaɗai ba ya kama irin wannan gida, na mai iyali kuwa ba a ba ta sai yaran suna hannunta. Ga sharuɗɗan sakin: kada ta sha, kada ta yi hulɗa da mai tarihin laifi, alhali a wasu gidajen wannan ya haɗa da yayanta da ƙanwar uwarta. Da yawa daga cikin waɗanda ake mayarwa ciki ba sabon laifi suka yi ba, sharaɗi suka karya. Saboda haka ne wata dokar tarayya da ta fara aiki a 2020, wadda ta amince al'ummomin 'yan asali su riƙe sha'anin renon yaransu da dokokinsu, take da alaƙa da batun gidan yari fiye da yadda ake zato, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da ita a 2024 bayan lardin Kebek ya ƙalubalance ta.